Ɗan Ragon da Aka Yi wa Wanka

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a ɗakin haihuwa na wani asibiti. Ba nas ba ce, ba kuma ungozoma ba. Aikinta shi ne, da jariri ya faɗo an yanke cibiya, a miƙo mata shi ta wanke, ta goge, ta naɗe a tawul, ta kai wa uwarsa. Daga nan ta dawo ta wanke gado, ta wanke daɓe, ta wanke bokiti, sannan ta wanke tsumman da ta wanke bokitin da shi. Tun tana da sauran ƙuruciya sunanta ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai-wanka yake ce mata, har yaran da ta wanke suka girma suka dawo ta wanke nasu.

Gara a faɗi gaskiya tun da wuri, Mai-wanka ba mace ce mai daɗin zama ba. Idan ka shigo mata ɗaki da takalmi, ko kai ne babban likita, sai ka ji abin da iyayenka ba su taɓa gaya maka ba. Masu jego suna tsoronta, 'yan dubiya sun fi su. Amma a duk shekarun nan ba a taɓa jin jariri ya suɓuce daga hannunta ba. Ta san haka, kuma ba ta bari kowa ya manta.

Da lokacin ritaya ya yi, aka tara ma'aikata, aka yi jawabi, aka ba ta agogon bango, aka tafa. Wasu kam da zuciya ɗaya suka tafa, don sun huta. Ta dawo gida ta tarar da shiru. Mijinta ya rasu shekara shida kafin nan, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Cikin mako biyu ta wanke labulen ɗakinta sau uku, ta goge tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba, ta zauna ta duba hagu da dama ta ga babu sauran abu mai datti. A mako na uku ta tafi kasuwar dabbobi da kuɗin sallamarta, ta dawo a gaban wata ƙaramar motar kaya, tumaki huɗu a baya. Matar da ko kaza ba ta taɓa kiwo ba.

Gidan na gado ne, na mijinta da ƙanensa. An raba tsakar gidan da katanga wadda ta kai wa mutum wuya, ita tana wannan ɓangare, ƙanen mijin da iyalinsa suna wancan. Mahauci ne. A da akwai wasa da dariya a tsakaninsu, tana ce masa ƙanina, yana ce mata matar Yaya. Abin ya lalace ne a kan fata. Yana shanya fatun dabbobi a tsakar gida, ƙudaje suna tsallako katanga. Ta yi magana sau biyu, a na uku ta ɗauki mayafi ta je ta kira duba-gari. Aka zo a gaban matarsa da 'ya'yansa aka kwashe fatun aka watsa a mota, unguwa tana kallo. Mahauci ya haɗiye, ya ajiye abin a ransa har ranar da yayansa ya rasu. Mutane cike da ƙofar gida sun zo gaisuwa, ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki, ya ce, "Ta ƙare rayuwa tana wanke 'ya'yan mutane, ta bar Yaya ya tafi ko ɗaya babu."

Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Idan Mahauci yana da magana, sai ya faɗa wa karensa, wani jan kare mai yagaggen kunne wanda take watsa wa ruwan wanke-wanke duk sanda ya leƙo. Ita kuwa a da bango take faɗa wa, yanzu ta samu tumaki.

Ranar da aka sauke su, Mahauci ya leƙo ta saman katanga, ya ƙare musu kallo irin na mai sana'a, tun daga haƙarƙari har gindin wutsiya. Ya ce da karen, "Ka gani ko? An buɗe asibitin tumaki. Wata uku na ba su, za ka ci ƙashi ka ƙoshi."

Mai-wanka ta shafa bayan wata tunkiya ta ce, "Ku yi haƙuri da warin nan, daga maƙwabta yake zuwa."

Ta sha wuya kafin ta gane kan kiwo. Ta wanke kwanon ruwansu da sabulu mai ƙamshi, suka ƙi sha yini guda cur. Ta ga suna son dusa, ta cika musu kwano fal, ɗaya ta ci har cikinta ya kumbura, sai da mai sayar da maganin dabbobi ya zo ya yi mata ɗure. Ta ɗaure wata da ƙullin da yake matsewa in an ja, ta fito ta tarar da ita ido waje, da kyar ta kwance ta. Kashinsu kuwa sau biyar take sharewa a rana, tana bin su da tsintsiya tana masifa, su kuma suna tuƙa suna kallonta, ko a jikinsu. Duk kuskuren da ta yi sai ta ji dariya daga bayan katanga, kuma dariyar ta fi kuskuren ciwo. Amma wata uku suka wuce, kare bai ci ƙashi ba.

A cikin huɗun akwai wata fara mai baƙin kunne, 'yar ƙarama, da ba ta taɓa haihuwa ba. Ashe da ɗan ƙaramin ciki aka sayar da ita. Da Mai-wanka ta ga cikin ya sauka, hantsa ta fara cika, sai ta gyara ɗaurin zane. Ba ta san dusa ba, ba ta san igiya ba, amma haihuwa kam babu mai koya mata. Ta sayo sabon baho, da tawul biyu, da sabulun jarirai. Ta tsaya kusa da katanga tana cewa da tunkiyar, "Kwantar da hankalinki. A gidan nan karɓar rai muka iya, ba cire shi ba."

Ba ta faɗa wa kowa ba, amma tana jiran ɗan nan da wani irin ɗoki da yake ba ta kunya. Shi ne abu na farko da za a haifa a gidanta.

Naƙuda ta zo wata safiya mai ɗan sanyi, gari ya riga ya waye. Tunkiyar ta kwanta, ta tashi, ta sake kwanciya a kan ciyawar da aka shimfiɗa mata. Ƙafafu biyu suka fito, da hanci a kansu, can sai ga ɗan rago ya sulɓo gaba ɗaya, jikinsa duk yauƙi da jini. Uwar ta miƙe da kyar, ta juyo, ta miƙa wuya tana wani gunaguni ƙasa-ƙasa za ta lashe shi.

Hannun Mai-wanka ya riga harshen uwar. Ba ta ma yi tunani ba, hannun ne ya yi abin da ya saba. Ta share masa hanci da baki, ta ɗauke shi cak sai ɗaki. Ruwan ɗumi yana jira. Ta cuɗa shi da sabulu sau biyu, bayan kunne, tsakanin ƙafafu, ƙarƙashin wutsiya, ta ɗauraye, ta goge. Har hoda ta shafa masa. Ya fito fari tas, ta naɗe shi a tawul ta kwantar a kan gadonta, wai kada sanyi ya kama shi. Uwar tana can waje tana kuka tana zagaya turke, Mai-wanka ta leƙo ta taga ta ce, "Yi shiru mana, ana shirya miki shi."

Sannan ta fito ta ƙarasa aiki. Ta ɗauke mabiyiya ta binne a rami mai zurfi, ta tattara shimfiɗar ta ƙone, ta wanke daɓen rumfar tumakin da ruwan magani irin na asibiti. Ita ma tunkiyar sai da aka goge mata baya. Rana ta kusa take tsaka lokacin da ta fito da ɗan, ta buɗe tawul, ta ajiye shi a gaban uwarsa, ta ja da baya tana jiran a yaba.

Tunkiyar ta shinshina kansa, ta shinshina wutsiyarsa, ta ja baya. Ɗan ya tako yana tangaɗi ya nufi hantsa. Ta sunkuyar da kai ta kai masa tunkuyi, sai da ya bugi bango.

Mai-wanka ta ɗauko shi ta sake ajiyewa, aka sake maka shi da ƙasa. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke wace irin uwa ce? Ɗan naki?" A asibiti ta sha ganin masu jego da suka juya wa jariri baya, kuma da masifa take sa su ba da nono. Ta yi wa tunkiyar masifar nan duka, tun daga farko har ƙarshe. Tunkiya ta ci gaba da kuka tana leƙa lungu-lungu, tana neman ɗan da ta haifa, ga shi kuwa a gabanta.

Daga bayan katanga aka yi gyaran murya. "Kai kare, ka taɓa jin rago mai ƙamshin amarya? To je ka shinshina. An kashe shi da tsafta."

Ta ɗauki ruwan bahon ta watsa ta saman katangar.

Ta dama madarar gari ta zuba a kwalbar shayar da jarirai. Ɗan ragon ya sha. Kafin yamma ya san takunta. In ta shiga ɗaki ya bi ta, in ta zauna ya kwanta a kan ƙafarta, in ta ɓace masa ya fasa kuka. A can ƙasan ranta, inda ba ta son dubawa, Mai-wanka ta ji daɗin da uwar ta ƙi shi. Wannan karon babu wanda za a miƙa wa.

Washegari zawo ya kama shi. Kafin rana ta yi zafi cikinsa ya lotsa, kunnuwa suka faɗi, kukan ya koma kamar na kyanwa. Ta gwada tatsar uwar da kanta, ta sha harbi a gwiwa, abin da ta samu bai cika cokali ba. Ta sa yatsa a bakinsa ta ji sanyi. Wannan sanyin ta san shi, ta san kuma abin da yake biyo bayansa. Tsoro ya kama ta sosai, ta naɗe shi a tawul ta nufi shagon mai maganin dabbobi.

Mutumin ya ɗaga fatar idon ɗan ragon, ya girgiza kai. "Inna, madarar nan ba ta karɓe shi ba. Nonon uwarsa yake buƙata, yau ɗin nan. In ya kai gobe a haka, sai dai haƙuri."

"To ba ni maganin da zan ba uwar."

"Babu maganin wannan. Ni sayarwa na iya. Wanda ya iya haɗa uwa da ɗa ai katanga ɗaya ce tsakaninku. Masu manyan garke ma shi suke kira."

"Duk garin nan babu wani?"

"Akwai, amma kafin a nemo shi kin gama haƙa rami."

Ta fi minti goma a tsaye a ƙofar gidan Mahauci, ƙofar da rabonta da ita shekara shida. Da ɗan ya motsa a cikin tawul sai ta tura ƙyaure. Karen ya yi gurnani. Matar gidan ta gan ta, ta ajiye tsintsiya ta shige ɗaki. Mahauci yana zaune a kan ɗan benci yana wasa wuƙa a dutse. Ta yi sallama, ya bari sai da ta maimaita.

"A'a, wa nake gani? Duba-gari ce da kanta? Yau ba mu shanya komai ba."

"Ba faɗa na zo yi ba."

"Ikon Allah. Kuma warin bai hana ki shigowa ba?"

Ta buɗe tawul ɗin. Ya so ya kau da kai, amma ido ya riga ya gani. Ya ajiye wuƙar, ya sa yatsa a bakin ɗan ragon, ya taɓa cikinsa.

"Ina mabiyiyar?"

"Na binne."

"Shimfiɗar da ta haihu a kai?"

"Na ƙone."

"Daɓen fa?"

"Na wanke."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Matar Yaya, tunkiya da hanci take sanin ɗanta. Ta lashe shi, ta ji warinta a jikinsa, shi ke nan ya zama nata. Ke kuma kin ɗauke mata ɗa, kin dawo mata da baƙo. Yaron goye ma ya san wannan."

"Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

"Ki ce kin yi kuskure."

Ta dubi ɗan ragon, ta ce, "Na yi kuskure a kan rago."

"A kan fata fa?"

"A kan fata gobe ma in ka shanya zan kira su."

Suka tsaya suna kallon juna, kowa ransa a ɓace. Can ya miƙe ya kaɗe wando. "Ba don ke ba. Ban iya kallon dabba ta zama mushe ba."

Ya shigo mata gida da takalmin robar da yake zuwa mayanka da shi, busasshen jini har idon sawu, karen yana biye. Ta cije leɓe. Ya ɗaure tunkiyar gajere a jikin turke, ya ce da Mai-wanka ta matse kan tunkiyar a tsakanin gwiwoyinta. Ya durƙusa ya tatsa, ya fara ɗiga wa ɗan a baki har ya haɗiye. Sannan ya cika tafin hannu da nonon ya shafe masa kai, da gadon baya, da wutsiya. Ya goga hannu a ƙasan cikin uwar, inda maiƙo da datti suka taru, ya shafa masa. Ya kwaso ɗanyen kashi da ƙasar da fitsari ya jiƙa, ya mulke shi tun daga wuya har ƙafa. Ya ce ta kawo gishiri, ya barbaɗa a bayansa. Ɗan ragon da ta wanke fari tas ya koma abin da ko da sanda ba za ta taɓa ba. Ta rufe ido.

Ya kai bakin ɗan ragon kan nonon uwar ya riƙe. Da farko ba ya ja, can ya fara tsotsa a hankali, can sai wutsiya ta fara kaɗawa. Uwar tana ta harbi. Da aka sassauta igiya ta shinshina shi, ta lashi gishirin sau ɗaya, sau biyu, sannan ta matsa gefe ta bar shi.

"Bai yi ba," in ji Mai-wanka, kuma wallahi har da ɗan daɗi a muryarta.

Mahauci ya yi fito, ya nuna wa karen ɗan ragon. Karen ya tako yana miƙa hanci. Tunkiyar ta juyo kamar an tsikare ta, ta shiga tsakani, ta sunkuyar da kai, ta doka ƙafar gaba a ƙasa da ƙarfi. Karen ya sake matsowa, ta kai masa tunkuyi sai da igiya ta miƙe. Ɗan ya shige ƙarƙashin cikinta ya kama nono, ta tsaya masa cak. Ta juyo da kai tana lasar wutsiyarsa, tana irin gunagunin nan na safiyar jiya.

Mahauci ya goge hannunsa da sabon tawul ɗinta, ya yar a ƙasa. "Saurara da kyau. Kwana bakwai kada ki taɓa shi. Kada ki share wurin nan, kada ki kawo ruwa kusa. Ki zuba musu abinci ki juya. In ya biyo ki, ki kore shi."

"In kore shi?"

"Ki kore shi. Uwa ɗaya yake buƙata, kuma ba ke ba ce."

Da gangan ya faɗa, ita ma ta san da gangan ne. Ta nuna masa ƙofa. "Fita min daga gida. Ka tafi da karenka."

Babu wanda ya ce an gode, babu kuma wanda ya jira a ce.

Kwanaki bakwai ɗin nan sun fi mata duk shekarunta na aiki tsawo. Washegari ɗan ya zo ƙofar ɗakinta yana kuka, yana tura labule da kai. Ta ɗauki tsintsiya ta buga a ƙasa, ya tsaya yana kallonta. Ta sake bugawa, ta daka masa tsawa, ya ruga. Ya dawo da hantsi, ya dawo da yamma, tana korarsa tana share ido da bakin zane. A rana ta uku sau ɗaya ya zo. Rumfa ta cika da kashi, wari ya tashi, ƙudaje suka taru suna tsallaka katanga, wannan karon daga nata ɓangaren. Tana jin Mahauci yana tambayar karensa ko ya san hanyar ofishin duba-gari. Ta toshe kunne, ba ta ɗauki tsintsiya ba.

A rana ta takwas ta fito da sassafe. Ɗan ragon ya murje, ciki ya cika, yana tsalle a kan kwanon dusa yana dirowa, dattin jikinsa uwar ta lashe kusan duka. Ya rayu, kuma Mai-wanka ta ji daɗi har cikin ranta. Wa'adi ya cika. Ta durƙusa a bakin rumfa, gwiwa tana ƙara, ta miƙa hannu ta kira shi da ɗan sautin da take yi masa in za ta ba shi madara.

Ya tsaya da tsalle, ya dube ta. Ta sake kira. Ya juya a guje ya ɓuya a bayan uwarsa. Tunkiyar ta tako gaba, ta sunkuyar da kai, ta dubi Mai-wanka, ta doka ƙafa a ƙasa.

"In ya yi ƙiba a yi mini magana," in ji murya daga bayan katanga.

Mai-wanka ta daɗe a durƙushe, hannu a miƙe. Sannan ta dafa turke ta tashi, ta zuba musu dusa, ta juya.